Yadda za ka hana manhajar tantance rubutu kwashe bayananka a Chrome

1. Irin wannan manhaja extension ce, wato ƙaramar manhaja da ake ƙara wa Chrome. Kafin ka saka ta, buɗe shafinta a Chrome Web Store ka gangara zuwa sashen Privacy. Tun 2021 Google ya wajabta wa masu manhaja bayyana irin bayanan da suke tarawa. Amma su ne suke cikewa da kansu, don haka kada ka saki jiki.

2. Bayan sakawa, rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, danna Details na manhajar, ka nemo Site access. Nan ne gizo ke saƙa. Idan yana kan On all sites, tana iya karanta duk shafin da ka buɗe, har imel da shafin banki. Mayar da shi On click, sai ka danna ta kafin ta ga komai.

3. A shafin Details ɗin, bar Allow in Incognito a kashe, don kada ta ga shafukan da ka buɗe a Incognito, wato tagar sirri ta Chrome.

4. Katse intanet, ka ba ta sakin layi ɗaya. In ta kasa ba da sakamako, alama ce rubutun kan tafi kwamfutocin kamfanin.

5. In haka ne, goge sunaye, lambobin waya da na asusu kafin ka liƙa kowace takarda.