Yadda za ka duba rajistar masu zaɓe a mazaɓarku

A watan Nuwamba na 2022 na tsaya a harabar wata firamare a Gwale, Kano, ina bin sunayen da hukumar zaɓe INEC ta kafe da ɗan yatsa. Nawa na je nema, sai ga hoton baffana, wanda muka kai makwancinsa shekara biyu kafin nan, Allah ya jiƙansa. Ba wanda ya yi ha'inci. Hukuma ba ta zuwa jana'iza, in dangi ba su faɗa ba, mamaci na nan a takarda.

Dubawar haƙƙinka ne. Sashe na 19 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce a kafe rajista kwana 7 a kowace mazaɓa da kuma intanet, aƙalla kwana 90 kafin babban zaɓe, a karɓi ƙorafi cikin kwana 14. Kwanakin ba yawa, don haka da ka ji sanarwa a rediyo, kada ka ce sai jibi.

Tafi da katin zaɓenka, domin lambar akwatinku na jikinsa. Fara da kanka: suna, hoto, ranar haihuwa. Sannan ka bi sauran akwatin a nutse, nan ne aikin yake. Ma'aikacin da aka turo bai san 'yan layinku ba, kai ka san su. Ka san wanda ya rasu, ka san yaron da bai kai shekara 18 ba, za ka gane fuskar da ta fito sau biyu. Ni dai shawarata, ku je ku biyu da wani dattijon unguwa, ya fi ka sanin gidaje.

In ka ga gyara, ka nemi fom ɗin ƙorafi a wurin, ka cike, ka haɗa da hujja. Ta mamaci ita ce takardar shaidar rasuwa, ta asibiti ko ta Hukumar Ƙidaya. Zargin fatar baki ba ya cire suna, kuma hakan ne daidai, don kada gabar siyasa ta sa a goge mai rai. A waccan dubawar, sunaye 53,264 aka cire a faɗin ƙasa.

Idan lokacin kafewa ya wuce fa? Sashe na 15 na dokar ta 2022 ya ba kowane mutum ko jam'iyya damar karɓar kwafin rajista mai hatimi, na jiha, na ƙaramar hukuma ko na akwati ɗaya, bayan biyan kuɗin da hukumar ta yanka. Rubuta takarda zuwa ga Kwamishinan Zaɓe na jiha, ka sa lambar akwatin, ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya.

Abu guda nake roƙo: kada ka ɗauki hoton fuskokin mutane ka watsa a Facebook ko WhatsApp. Matan aure ne da 'ya'yan maƙwabta a ciki. Takardar shaidar rasuwar baffa kuwa, washegari na koma da ita bayan azahar, aka karɓa.