Mai niyyar hawa Sukur, ka yi sammako

Jama'a, in za ku Sukur da ke kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, ku kwana kusa, ku fara hawa da an idar da sallar asuba.

Hanyar ta ƙafa ce, shimfiɗe da duwatsun da kakannin mutanen Sukur suka jera. Rana na ɗagawa dutsen zai ɗau zafi, gwiwa ta mutu, ruwan gorarka ya ƙare tun ba ka kai sama ba. Da sanyin safiya kuwa za ka isa da sauran ƙarfinka, ka ga fadar Hidi, sarkinsu, da gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin tsauni, da wuraren da suke narka tama a da. Tun 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, kuma wallahi ya cancanta.

Ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka kuma fara da gaisuwa a fada.

Amma da damina dabarar ba ta aiki, duwatsun santsi suke yi da safe. Sannan ka tambayi halin tsaron hanya kafin ka baro Mubi. In an ce ka dakata, ka dakata.