Yadda Ake Ƙara Gajeriyar Alamar Kafaffen Ma'aji a Harshen Manhaja

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Samaru da ke ƙera ɗan ƙaramin harshen manhaja don aikin kammala digiri yakan gaji da rubuta `const int adadi = 40`, ya so ya rubuta `adadi :: 40` kawai. Ma'aji a nan shi ne sunan da ake ɗaura wa ƙima, kafaffe kuwa shi ne wanda ba a sauya masa ƙima bayan ta farko.

Da farko ka tsayar da abin da kake nufi da kafewa, domin a nan ne harsuna suka sha bamban. Kalmar `const` da JavaScript ta tabbatar a 2015 tana hana a sake ɗaura wa sunan wata ƙima, amma idan jeri ne a ciki, ana iya ƙara masa abubuwa ba tare da wani ƙorafi ba. A Rust kuwa `let` tana kulle sunan da abin da ke cikinsa, sai an rubuta `mut` kafin a taɓa shi. Ga harshen ɗalibi, tsarin JavaScript ya fi sauƙin ginawa, kuma shi nake ba da shawara.

Daga nan sai zaɓen alama. Kotlin da Scala sun ɗauki `val`, Swift ta ɗauki `let`, Odin kuma tana amfani da `::`. Ka guji `:=`, saboda wanda ya saba da Go zai ɗauka ma'ajin mai canzawa ne. Idan sabuwar kalma ka zaɓa, ka tuna cewa za ta karya duk tsohuwar manhajar da ta yi amfani da ita a matsayin suna, wanda shi ya sa Java 10, a 2018, ta shigo da `var` ta hanyar da ba ta hana a raɗa wa ma'aji wannan sunan ba.

Sai ka koya wa leksa, wato ɓangaren da ke yayyanka rubutu, ya riƙa ɗaukar alama mafi tsawo tukuna. Na taɓa ɓata dare guda a kan wannan: nawa leksan yana karanta `::` a matsayin `:` sau biyu, ni kuma ina ta neman laifin a wani wuri.

A ɓangaren da ke gina bishiyar jimla, wato tsarin da ke nuna sassan kowace jimla ta manhajar reshe-reshe, kada ka ƙirƙiri sabon reshe. Ka mayar da gajeriyar siga zuwa reshen da `const` ke samarwa, nau'in ƙimar kuma a gano shi daga abin da ke hannun dama na alamar. Teburin sunaye zai riƙe shaidar cewa ma'ajin kafaffe ne, duk inda aka yi yunƙurin sauya shi sai kwampaila, wato manhajar da ke fassara rubutun zuwa abin da kwamfuta za ta aiwatar, ta tsaya, ta ambaci layin da aka kafa shi da layin da aka taɓa shi.

Wajen gwaji, bayan `adadi = 41`, ka gwada `adadi += 1` da `adadi++`, domin su ne aka fi mantawa da toshewa.