Yadda ake farfaɗo da ƙaramin jirgin soja da aka yasar har ya koma sama

Jama'a wallahi abin yana ci mini rai in na ga hoton ƙananan jiragen koyon tuƙi na soja a yashe bayan hanga, wato rumfar ajiye jirage, taya ta sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashi, gilashin saman ya yi fari fat saboda rana. Kuma mun yi irinsu a ƙasar nan ba kaɗan ba. Tun da aka kafa rundunar sojan sama a 1964 an yi aiki da Piaggio P.149D da Dornier Do 27 na Jamus, sai Bulldog na Birtaniya a shekarun 1970, sai Air Beetle guda 60 da aka harhaɗa a Kaduna a shekarun 1990, kafin a fara kawo Super Mushshak daga Pakistan a ƙarshen 2016. A Ingila da sojansu suka ajiye Bulldog a 2001 fararen hula aka sayar wa, har yau da yawa suna tashi. Toh mu nan Bauchi ga filin jirgi, ga kanikawa masu hannu, ga busasshiyar iska da ba ta cin ƙarfe kamar ta Legas ko Fatakwal, abin da ya rage kawai a san me ake farawa da shi, me ake bari sai daga baya.

Farko takarda, kafin sifana. Jirgin soja kayan gwamnati ne ko da ya shekara ashirin kaji suna kwana a cikinsa, don haka sai ka samu rubutacciyar shaida daga hukumar sojan cewa an cire shi daga lissafinsu kuma an sayar maka ta hanyar da doka ta yarda. Wanda ya ce maka yana da hanya, ka kawo kuɗi kawai a fito maka da shi da dare, ka rabu da shi, tsaf za ka ƙare a hannun jami'an tsaro. Tare da wannan shaidar ka nemi littattafan tarihin jirgin, na jiki daban, na inji daban, na farfela daban, a nan ake rubuta awa nawa ya yi a sama da duk gyaran da aka taɓa yi masa. A Bulldog wannan shi ne komai, saboda babban ƙashin fiffikensa yana da iyakar wahalar da zai ɗauka, akwai ma na'ura a cikin jirgin mai ƙirga ta, in ya cinye adadin sai an yi masa wani gyara mai tsadar gaske. Jirgin da littafinsa ya ɓata ni a ganina ka saye shi a matsayin kayan gyara ne kawai.

Daga nan sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama na farar hula a Najeriya, ka je musu da wuri tun ba ka kashe ko sisi a gyara ba. Su ne za su yi masa rajistar farar hula mai farawa da 5N, su ne kuma za su faɗa maka a wane aji za su ba shi izinin tashi. Wannan tambayar tana da nauyi ga Air Beetle musamman, tunda asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's a Amurka, irin jirgin da ake sayar da shi gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa, ba irin Cessna ba ne mai cikakkiyar shaidar masana'anta. Amfaninsa kuwa an haɗa dubban RV a duniya, samun kaya da masu sani ba wuya. Ka kuma nemi injiniyan jirgi mai lasisi, irin waɗanda suka fito daga kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya. Kai da yaranka za ku iya wanki da kankara da kwance-kwance, amma a gabansa, kuma shi zai sa hannu.

Ɗauko shi ba wani dogon zance: a zuƙe tsohon mai, a cire batir, a kwance fukafukai, a ɗora a tirela kan tsoffin tayoyi da katifa, kuma kowane noti da waya a ɗauki hotonsa a wayar hannu a sa masa alama kafin a cire. Ka sama masa rumfa mai ƙofa, ƙurar hunturu ba ta da kirki ga buɗaɗɗen inji.

Yanzu aikin da ya fi cin lokaci, binciken jiki. A buɗe duk ƙananan murafen dubawa, a cire kujeru da daɓen ƙasa, a shiga da tocila da madubi lungu-lungu. Tsatsar alminiyom ba ja ba ce, farin gari za ka gani, ko fenti ya yi ƙuraje, ko zoben baƙi a kewayen ribit, wato ƙusar da ke haɗa fatar jirgi, wanda ke nuna ya yi sako-sako. Wurin batir da ƙasan bene da cikin wutsiya ne aka fi samunta, kuma wani lokacin aikin ɓera ne, fitsarinsa yana cin alminiyom sosai, ga shi yana tauna waya. In tsatsar ta shiga ƙashin fiffike ko inda fiffike ya haɗu da jiki, a tsaya, injiniya ya auna ya duba littafin masana'anta, wani lokacin nan maganar take ƙarewa kuma gara ta ƙare a nan. Wayoyin ƙarfe masu jan fiffike da wutsiya a bi su da tsumma, inda tsumman ya maƙale sili ya tsinke, a canza duka wayar.

Dan Allah 'yan'uwana masu gyaran jikin mota ku ji wannan da kyau, don nan ne gwaninta take jawo matsala. Ba a yi wa fatar jirgi walda, irin alminiyom ɗin ba ya ɗaukar wuta, faci ake yi da ribit na jirgi. Ba a cike lotsawa da fila a shafe. Ba a goge shi da burushin ƙarfe, ɓurɓushin yana nutsewa ciki ya haifi sabuwar tsatsa. Ba a zuwa kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a sayo noti don ya yi daidai da ramin, kowane noti na jirgi yana da lamba da takardar asalinsa. Kuma in an yi wa sassan fiffike da wutsiya masu motsi fenti sai an sake daidaita nauyinsu, in ba haka ba suna iya kama karkarwa a sama su ɓalle.

Sai inji. Kowa burinsa ya zuba mai ya ji ya tashi, kar ka yi, ko farfelar ma kar a riƙa juya ta da hannu. Bulldog da Air Beetle duka injin kamfanin Lycoming ne mai silinda huɗu, kuma kamshaf ɗinsa, sandar da ke buɗe bawul-bawul, a sama yake, in ya daɗe a ajiye baƙin mai ya tsiyaye ya bar shi tsirara sai tsatsa, kana tayarwa ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi mai ya zagaye ko'ina. A cire filogi a zura kyamarar leƙe cikin silinda, a cire silinda ɗaya ko biyu a ga kamshaf da ido. Su kansu Lycoming sun ce irin wannan injin a yi masa garambawul bayan awa 2000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, kaga kenan wanda ya yi shekara 15 a rana ba sai an yi gardama ba. Nan ne mafi yawan kuɗin zai tafi, kuma da dala, shi ya sa na fi son mutum uku ko huɗu su haɗa hannu. Maganeto biyun masu ba filogi wuta da farfela su ma a tura wa masu izinin gyaransu. Duk wani abu na roba, hos na mai, na birki, taya da tub, a zubar a sa sabo ko da ido ya ga lafiyarsa ƙalau.

Tanki a wanke, a gwada yoyo. Mai kuma Avgas 100LL ne, shuɗi, ba Jet A-1 na manyan jirage ba, wannan kananzir ne zai kashe injin, ba kuma fetur na gidan mai ba. Samunsa yana da wuya a Najeriya, ka san inda za ka riƙa samowa tun yanzu.

Kar ka raina zanzaro. Ƙaramin bututun da ke auna gudun jirgi da ramin numfashin tanki su ne wuraren da ya fi son yin gininsa na laka, kuma irin wannan toshewar ake zargi a haɗarin jirgin kamfanin Birgenair na 1996 da ya ci mutum 189. A cire bututun daga jikin agogunan sannan a busa, in an busa a haɗe agogon ya lalace. Tsoffin agoguna na shekarun 1950 da 1960 masu haske da dare wasu fentinsu yana da sinadarin radiyom, kar a fasa su. Rediyo da na'urar kiran ceto mai 406 MHz sababbi za ka sa.

An gama haɗawa sai a ɗora shi a sikeli a fitar da sabon nauyi da tsakiyar nauyinsa, a daidaita kamfas, a ɗaure shi a tayar da inji a ƙasa na ɗan gajeren lokaci ana duba yoyo, sannan a yi ta gwajin tafiya da birki a titi. Sai NCAA ta duba ta ba da izini, inshora ta kammala, kana a yi maganar tashi.

Tashin farko ba na mai jirgi ba ne, komai zumuɗinsa, na matuƙin da ya san irin jirgin ne, shi kaɗai ba fasinja. A yi da sassafe, don a watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yana kai wajen digiri 40, ga garin ya ɗaga kusan mita 600 daga teku, iska ta yi sirara, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya nemi doguwar hanya kafin ya ɗaga. A guji ranar hazo. Ya yi ta kewaya saman filin yadda ko inji ya mutu zai iya saukowa, in ya sauka a buɗe murfin inji a yanka filtar mai a duba ko akwai garin ƙarfe. Awannin farko ana tafiyar da sabon inji da ƙarfi ne, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, da baƙin mai na musamman, har shan mansa ya daidaita. Daga nan kuma a riƙa tashi da shi kowane mako ko biyu, in zai wuce wata guda a ajiye a zuba masa man adana inji, a toshe duk ramukan.