Yadda Ake Gano Ma'ana da Furucin Kalmomin Aro a Turanci

Duk wanda ya yi karatun Turanci ya taɓa cin karo da kalmar da rubutunta ya yi gabas, furucinta ya yi yamma. Sau da yawa dalilin shi ne kalmar baƙuwa ce, an aro ta daga wani harshe, ta shigo da rubutunta na gida amma ba ta bi ƙa'idar Turanci ba. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta shawo kan irin wannan kalma ita ce a fara tambayar inda ta fito, kafin a yi ƙoƙarin faɗinta.

Mataki na farko shi ne buɗe ƙamus mai bayanin asalin kalma, irin su Oxford ko Merriam-Webster, waɗanda ake samu a intanet, a karanta sashen asali kafin ma'ana. Kaso mai yawa na kalmomin aro sun fito ne daga Faransanci, kuma tarihi ne ya jawo haka: bayan da William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru. Sauran sun fito daga Latin, Girkanci, Italiyanci, Sifaniyanci, Jamusanci, Larabci da wasu harsuna.

Mataki na biyu, kuma nan ne aikin yake, shi ne koyon alamomin da kowane harshe yake bari a jikin kalma. Haruffan "ch" sun isa misali. A kalmomin Turanci na asali kamar "child", ana furta su kamar harafin c na Hausa. A waɗanda aka aro daga Faransanci a baya-bayan nan, kamar "chef" da "machine", ana furta su sh, wato shef da mashin. A waɗanda suka fito daga Girkanci, kamar "chemistry" da "character", k ake ji. Faransanci kuma yana yawan barin baƙin ƙarshe ba tare da an furta shi ba, shi ya sa "coup", wato juyin mulki, ake cewa ku, ana kuma watsar da s a "debris" da t a "ballet". A kalmomin Girkanci irin su "psychology" da "pneumonia", harafin farko ne ake tsallakewa. Harafin j na Sifaniyanci yana fita kamar h, kamar a sunan José, yayin da "ei" na Jamusanci yake fita ai, kamar a sunan Einstein.

Mataki na uku shi ne saurare. Ƙamusoshin intanet suna da maɓallin da ake dannawa a ji kalmar, kuma da yawansu suna rubuta furuci da alamomin ƙungiyar masana furuci ta duniya, wadda aka kafa a birnin Paris a 1886. A lura da gaɓar da ake ƙarfafawa, domin kuskure a nan ya fi saurin ɓatar da mai sauraro fiye da kuskuren wasali. A kuma zaɓi furucin Ingila ko na Amurka a tsaya a kai. Kalmar "lieutenant", alal misali, Ingilawa suna sa mata f a tsakiya, Amurkawa ba sa yi, kuma daga furucin Ingila ne Hausa ta samo Laftanar. Haka nan Kanar ya biyo furucin "colonel" ne, bai biyo rubutunsa ba.

A nan akwai abin kiyayewa: sanin asali jagora ne kawai, domin Turanci yana lanƙwasa abin da ya ara, kamar yadda Hausa ta mai da "hospital" asibiti. Bafaranshe ba ya furta s a ƙarshen Paris, amma mai magana da Turanci yana furtawa, kuma a cikin Turanci nasa ne daidai. A ganina, wanda ya dage kan furucin asali a inda masu harshen suka riga suka sauya shi, wahalar da mai sauraro kawai yake yi.

Mataki na huɗu shi ne tabbatar da ma'anar yau, domin ma'ana ma tana tafiya. "Alcohol" ta samo asali ne daga Larabci al-kuhl, wato kwallin da ake sa wa ido, amma yanzu giya ko sinadarinta take nufi. "Magazine" daga makhazin take, wato ɗakunan ajiya, alhali yau mujalla ake fara tunawa. "Entrée" a Faransa abincin buɗe ciki ce, a Amurka kuwa babban abincin da ake jira. Don haka a karanta jimlolin misali da ke cikin ƙamus, kada a tsaya ga fassarar asali.

Mataki na ƙarshe ya shafi sunaye, waɗanda ba sa jin ƙa'ida. Leicester ana cewa Lesta, kogin Thames kuma Temz. Jihohin Kansas da Arkansas na Amurka suna maƙwabtaka ta fuskar rubutu, amma ta biyun Arkanso ake ce mata, har majalisar jihar ta zartar da ƙuduri a kan haka a 1881. Ga sunan wuri, a saurari mazauna wurin a rediyo ko bidiyo. Ga sunan mutum kuwa, a tambayi mai sunan cikin ladabi yadda yake faɗinsa, a maimaita a gabansa har ya gamsu, sannan a rubuta shi da haruffan Hausa a littafin ajiya domin wata rana.