Kurakuran da aka fi yi game da tabon rana da tartsatsinta

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne ɗaga ido a nemi tabon, wato baƙin ɗigon da kan bayyana a fuskar rana. Da hunturu, idan hazo ya rufe sama, rana kan koma kamar faifai, har mutum ya ga zai iya zuba mata ido bai ƙifta ba. Hazo bai isa ya kare ido ba, baƙin tabarau ma haka, kuma ƙunar da rana ke yi wa cikin ido ba ta zuwa da raɗaɗi balle a ankara. A nemi tabarau na kallon husufi mai lambar ISO 12312-2, in babu a duba hotunan da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke sakawa a intanet.

Wasu kuma na ɗauka tabon rami ne, ko alamar rana ta fara mutuwa. Wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya danne zafin da ke tasowa daga ciki, sai ya tsaya wajen digiri 3,500 a ma'aunin Salshiyas, alhali kewayensa ya kai 5,500. Shi ya sa yake fitowa baƙi a hoto. Yawan tabon na hawa da sauka kusan duk shekara 11, kuma a 2024 ya yi yawa sosai.

Inda ko masu rubuta labarai ke tuntuɓe shi ne haɗa tartsatsi da guguwar rana. Tartsatsin rana walƙiya ce mai ƙarfi, cikin minti 8 ta iso, kuma masu sauraren rediyo a gajeren zango ne kan fara jin tashar ta ɗauke. Guguwar kuwa curin iskar gas ne mai caji da rana ke watsowa, yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Shi ne mai ɓarna: a Satumban 1859 ya hargitsa wayoyin tangaraho a Turai da Amurka, ranar 13 ga Maris 1989 ya jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na awa tara.

To, saƙon nan da ake yawo da shi a WhatsApp, wai a kashe waya da dare saboda tartsatsi, a daina tura shi. Sararin da ya lulluɓe duniya yana tare wannan haske tun daga sama, wayar da ke ƙarƙashin matashi ba ruwanta. Zafin Afrilu ma a bar ɗora wa tartsatsi laifinsa, rana ce ke tsayawa tsakar ka a lokacin, damina kuma ba ta faɗi ba.