Gilashin kyamara mai janyo nesa: kafin ka biya kuɗi

'Yan uwa masu son ɗaukar hoton namun daji, in aljihu bai yi nauyi ba, ku duba gilashin kamfanin Sigma ko Tamron mai 150-600mm (yawan lambar, yawan janyo nesa). A kyamarar Nikon mai ƙaramin firikwensi (ɓangaren da ke kama hoton a ciki), wato APS-C, 600 ɗin nan tamkar 900 ne, tsuntsu kan tsololon bishiya sai ya cika hoto. Amma fa nauyinsu ya kusa kilo 2, kuma a ƙarshen zuƙowa f/6.3 ne, wato haske kaɗan ke shiga, da magariba ta kawo jiki sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar. Ni dai na hannu nake ba da shawara, muddin ka haska cikinsa da tocila. Ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo? Fumfuna ce, ajiye musu kayansu.